Koyar da Ingilishin Aiki ga 'Yan Sanda Masu Hulɗa da 'Yan Yawon Buɗe Ido

Wannan maƙala ta dubi irin Ingilishin da ya dace a koya wa 'yan sandan da ke hulɗa da 'yan yawon buɗe ido, inda aka ɗauki ƙasar Tailan a matsayin misali. A shekarar 2019 baƙi kusan miliyan 40 ne suka ziyarci ƙasar, Sinawa kuma su ne suka fi yawa. Ke nan, ɗan sandan da ya amsa kiran lambar 1155 galibi yakan saurari mutumin da Ingilishi ba harshensa na gado ba ne, wanda kuma yake cikin firgici.

Masana irin su Munby (1978) da Hutchinson da Waters (1987) sun nuna cewa nazarin buƙatun mai koyo shi ne ginshiƙin irin wannan manhaja. Buƙatun ɗan sanda kuwa sanannu ne: yin kwatancen hanya, karɓar rahoton ɓatan fasfo, sasanta rigimar kuɗin tasi, da rubuta bayanin mai ƙara. Saboda haka, wajibi ne malami ya fifita sauraren lafuzza mabambanta da kwaikwayon hirar aiki a kan haddar dokokin nahawu, domin kuskuren jin kwanan wata ko sunan otal na iya rusa ƙara a kotu.