Tukunyar Miya da Gwangwanin Fenti a Tsakar Gida Ɗaya

Duk wanda ya san zangunan birnin Akra, irin su Nima da Mamobi, ya san cewa tsakar gida ɗaya ce ke ɗauke da hidimar iyalai da dama. A nan ake girki, a nan ake wanki, a nan yara ke rarrafe, kuma a nan maigida ke fito da tsohuwar kujera ya gyara idan salla ko biki ya ƙarato. Tun da tsadar kaya ta tsananta a Gana, har hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba na 2022, gidaje da yawa sun koma ga dabarun tsimi na iyayenmu. Biyu daga cikinsu za mu duba a wannan fitowa, tare da wani haɗari da ke ɓoye a tsakaninsu.

Dabara ta farko ta uwargida ce, wato miyar dankalin turawa da ganyen da masu jin Faransanci ke kira poireau. Wannan ganye ɗan'uwan albasa ne da tafarnuwa, amma idan ya yi wuyar samu ko ya yi tsada, lawashi ya wadatar, domin danginsu ɗaya. Albasa kuwa ba baƙuwa ba ce a zango. Ta Galmi, mai launin shunayya, daga Nijar take zuwa cikin manyan motoci, kuma tun 2021 aka mayar da 'yan albasar Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku, daga inda ake rarrabo ta cikin gari.

Ga yadda ake yi wa mutum biyar. A fere dankali shida matsakaita, a yanke duk wurin da ya yi kore ko ya fara tsiro, saboda yana da ɗaci kuma yana ɓata ciki. A tsaga poireau biyu ta tsawo a wanke, don yashi yakan maƙale a tsakanin ganyensa. A soya shi da albasa ɗaya cikin cokali biyu na mai ko man shanu, a wuta kaɗan, har ya yi laushi ba tare da ya ƙone ba. Sai a zuba dankalin da romon nama ko ruwa kimanin lita ɗaya, da gishiri, citta, masoro da ɗan barkono. Bayan minti 25 dankalin ya nuna, sai a burge da maburgi har miyar ta yi kauri. Ana sha da burodi, kuma tana da sauƙi ga tsoho da mai jinya da mai buɗa baki.

Akwai dalilin da ya sa muke son ganyen nan a dafe. Lambunan cikin birni, kamar na Dzorwulu, da ruwan rafi da na magudana ake shayar da yawancinsu. Wanki da tafasa su ke kashe ƙwayoyin cutar da ke biyo ganye, abin da ɗanyen salak ba ya samu.

Dabara ta biyu ta maigida ce. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Tsohon tebur ko kabad da kafintan da ya yi da katakon odum, wanda muke kira loko, ya fi sabon da aka yi da matsattsen garin katako ƙarko nesa ba kusa ba. Loko yana jure gara, shi kuwa na garin katako da zarar ruwan damina ya shiga ɗaki sai ya kumbura ya ruguje. Saboda haka kafin a jefar da kayan gado, a duba ƙafafunsa, a sake ƙusoshi, a toshe ramuka, a wanke da sabulu, a bari ya bushe sarai. Sannan a shafa fenti siriri har sau biyu, a bar kwana ɗaya tsakani. Shafi mai kauri sau ɗaya zuba yake yi, daga baya ya ɓamɓare.

To, ina haɗarin? Yana cikin tsohon fentin da za a kankare. Fentin mai da aka yi amfani da shi shekaru da yawa, musamman ja da rawaya, yakan ƙunshi dalma. Idan aka goge shi a bushe, sai ya zama ƙura mai laushi da ke sauka a kan tabarma, da hannun yaro, da buɗaɗɗiyar tukunya. Tafasa ba ta kawar da dalma. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta hallaka yara fiye da 400. Ta fenti ba ta kai wannan yawa ba, amma a hankali take taruwa, tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga alama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa.

Don haka muna kira ga magidanta da a raba ranar girki a tsakar gida da lokacin kankara, ko a fitar da aikin waje. A jiƙa katakon kafin a goge, a shimfiɗa leda a ƙasa, a rufe hanci da baki, a nisantar da yara da masu juna biyu. In an gama a share wurin da jiƙaƙƙen tsumma, kada a ɗauki tsintsiya. Wajen sayen sabon fenti a nemi na ruwa, ko wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa ba shi da dalma. Kada kuma a mayar da gwangwanin fenti mazubin ruwa ko gari.

Tun da tsakar gidan ta kowa ce, ladabi ne maigida ya sanar da maƙwabta kwana ɗaya kafin ya fara, domin matan gida su rufe tukwanensu, su shigar da yara ɗaka. Allah Ya sa albarka a cikin abin da muka mallaka, Ya kare mana zuriyarmu, amin.