Horon da Daura ke buƙata bayan gine-gine

A watan Disambar 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Daura, a shekarar da garin ya samu Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. A Fabrairun 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin layin dogo mai kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Duk wannan alheri ne. Sai dai in kaya suka fara sauka a tasha, wa zai gano dalilin da ya sa buhun riɗi ke kwana uku kafin a loda shi? Aikin mutum ne wanda aka koya wa bin diddigin matsala, kuma irin wannan horo ya yi mana ƙaranci.

Ka tambayi ɗan kasuwar da jarinsa ya karye a Mai'aduwa ko Kwangwalam, amsar ba ta wuce "kasuwa ce ba ta yi". Yana da hujja. Rufe iyaka a Agustan 2019, da ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, duk sun jijjiga masarautar Daura da cinikinta ya dogara da Nijar. Amma a layi guda wani ya rufe shago, maƙwabcinsa ya tsira, kuma nan gizo ke saƙar.

Masana'antun Japan sun daɗe da mayar da wannan tambaya darasi. Taiichi Ohno na kamfanin Toyota ya koya wa ma'aikatansa su tambayi "me ya sa?" har sau biyar kafin su taɓa gyara. A ɗauki misalin gidan burodi da masu shayi ke ta dawo masa da kaya. Me ya sa? Burodin yana saurin yin fumfuna. Me ya sa? Da zafinsa ake ɗaure shi a leda, sai gumi ya taru. Me ya sa ba a bari ya huce? Masu babur suna ƙofa tun asuba suna jira. Me ya sa gashin ke makara? Ba a fara kwaɓi sai an kawo wuta. Mai gidan da ya tsaya a tambayar farko zai zargi fulawa, ya sauya dila, ko ya kori yaron da ba shi da laifi. Wanda ya kai ta ƙarshe ya san cewa lokacin kwaɓi zai gyara, ko ya yi lissafin ƙaramin janareta ya gwada da asarar da yake tafkawa kullum.

Wannan rabin aikin ne. Ɗaya rabin shi ne fito da mafita fiye da ɗaya. Alex Osborn, wani mai harkar talla a Amurka, ya yaɗa tsarin da ake tara ma'aikata kowa ya kawo shawara, ba a kushe ko ɗaya sai an gama tattarawa. A ganina nan ne ya fi yi mana wuya. Yaron shago ya fi kowa sanin kayan da ke kwantai da abokin cinikin da ya daina zuwa, amma kunya da ladabi ba sa barinsa ya faɗa a gaban ubangidansa. Horon da bai koya wa ubangida yadda zai tambayi yaransa, ya kuma saurare su ba tare da ya ji an raina shi ba, bai taɓa komai ba tukuna.

An gwada abin a kusa da mu. A Lome ta ƙasar Togo, masu bincike tare da Bankin Duniya sun raba ƙananan 'yan kasuwa 1,500 gida uku: wasu aka koya musu darussan kasuwanci na yau da kullum, wasu aka horar da su kan hango matsala da neman mafita da kansu, wasu ba a ba su komai ba. Sakamakon da mujallar Science ta buga a 2017 ya nuna ribar rukuni na biyu ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari a shekara biyu, ta rukunin farko kuwa kashi 11, wanda masu binciken ba su ma tabbatar horon ne ya kawo shi ba.

Abin da na fi tsoro shi ne a mayar da wannan horo bitar otal: kwana biyu, abinci, kuɗin mota, takardar shaida, kowa ya kama gabansa. Kwalejin Daura tana da ɗalibai, hukumomin ITF da SMEDAN kuma horarwa ce aikinsu. A haɗa ɗalibi da ma'aikacin banki da akawun ƙaramar hukuma, a ba su matsala ta gaske daga wani injin casar shinkafa a Sandamu ko shagon magani a Zango, su zauna da mai wurin, su ƙirga, su gwada gyara ɗaya na wata guda, su sake ƙirgawa. Makinsu ya fito daga littafin cinikin mai shagon, a Ɓaure ne ko a cikin birnin Daura.