Maiduguri: Kafin a tura kuɗin sabon kafireto, a tambayi abin da aka duba

Akwai kiran wayar da ma'aikatan tarayya 'yan asalin Barno da ke Abuja suka saba da shi: tsohuwar fijon da aka bar wa gida ta daina ja, an kai ta gareji a Wulari, an ce a turo kuɗin sabon kafireto. Sau da yawa ana turawa a sauya, kafin mako ya zagayo motar ta koma gidan jiya.

Irin waɗannan motoci, musamman 504, sun fito ne daga kamfanin Peugeot da ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, wasunsu kuma sun shiga hannun ma'aikata bayan 2003, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus-alawus kuɗi, ta sayar da motocin ofis. Ba su da kwamfutar da za ta faɗi inda ciwo yake, sai dai ido da kunnen bakanike.

Aikin kafireto shi ne gauraya iska da fetur, kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur a ma'aunin nauyi. Duk abin da ya lalace a gabansa ko a bayansa, a kansa alamar ke bayyana, shi ya sa ake ɗora masa laifin da ba nasa ba. Ƙwararren bakanike kuwa yakan bi abubuwa huɗu daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada.

Na farko iska. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana toshe matatar iska. Injin sai ya shaƙe, ya yi ta shan mai, salansa na fitar da baƙin hayaƙi. Sabuwar matata ta wadatar.

Na biyu wuta. Fulogi ba ya ɓoye gaskiya: busasshen baƙi na nufin fetur ya yi yawa, fari fat na nufin ya yi kaɗan ko iska na satar shiga ta wata kafa, wanda ya jiƙe da baƙin mai kuwa yana nuna inji ya ci. Idan kontak ya cinye ko taimin ya yi baya, mota takan yi nauyi, ta riƙa zafi.

Na uku mai. A watan Afrilu zafin Maiduguri yana haura digiri 40, har fetur kan zama tururi a cikin bututu kafin ya isa kafireto. Alamarsa ita ce mota ta yi lafiya da safe, ta mutu da azahar cikin cunkoso, ta tashi bayan ta huce. Datti ko ruwa a tanki kuma alamarsu daban: inji na aiki ƙalau a tsaye, amma da an taka totur a kan hanya sai ya fara sarewa. Man 'yan bumburutu na kawo wannan, haka ma gurɓataccen fetur irin mai sinadarin metanol da aka shigo da shi ƙasar a farkon 2022. Motar da ta nutse a ambaliyar madatsar Alau ta Satumbar 2024 kuwa, sai an sauke tankinta an wanke.

Na huɗu matsi. Ana auna kowace silinda da ma'auni. Idan ɗaya ta gaza, sai a zuba mata cokali guda na baƙin mai a sake awo: in ya ƙaru, ringi ne ya ci, in bai ƙaru ba, a nemi bawul ko gasket. Akwai kuma inda inji ba shi da laifi sam: idan yana ruri mota ba ta gudu, kuloci ne ke zamewa.

Bin wannan tsari ya wuce batun tsimi, ko da yake tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kowace lita ta zama abin lissafi. A Barno, motar da ke sarewa a hanya tana iya jawo wa mutum kwana a inda bai shirya ba. Mutanen Maiduguri ba su manta da Auno ba, inda a ranar 9 ga Fabrairun 2020 'yan Boko Haram suka kashe matafiya kusan 30 da dare ya riska bayan an rufe hanyar shiga gari.

Saboda haka duk wanda irin wannan kira ya iske a ofis, yana da tambayoyi uku kafin ya taɓa asusunsa: wane launi hayaƙin yake, me fulogi ya nuna, kuma an auna matsi? Bakaniken da ya san aikinsa zai amsa su nan take. Wanda ya yi ta kame-kame, a nemi wani ya sake dubawa.