Inda Kuskure Ke Ɓuya a Aikin Ƙididdiga da Kwamfuta

Masu aikin ƙididdiga a birnin Maraɗi, daga ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo zuwa masu binciken noma na cibiyar INRAN da ke Tarna, suna dogara ne da manhajoji irin su R da Stata da Excel, kuma idan lissafi ya ƙi fita, na'urar ce ke fara shan zargi, alhali sau da dama matsalar tana cikin bayanan da aka zuba mata. Don haka ƙwararru kan fara bincike daga bayanai, sannan ƙwaƙwalwar na'ura, su bar faifan ajiya a ƙarshe.

Nijar ta gaji tsarin rubutun lamba na Faransa, inda ake rubuta goma sha biyu da rabi 12,5, yayin da R da takwarorinta suka saba da 12.5 irin na Ingila da Amurka. Idan aka shigar da jerin amfanin gonakin noman rani na Jiratawa ba tare da an sanar da manhajar wannan bambanci ba, za ta ɗauki lambobin a matsayin kalmomi, in kuwa aka tilasta mata mayar da su lamba, sai duk adadi mai waƙafi ya koma gurbi, wanda ba shi da waƙafi ya tsira. Matsakaicin da za a fitar daga ragowar zai yi kama da gaskiya, kuma wannan ya fi tsayawar na'ura haɗari, domin kuskuren da ya yi ƙara ana gyara shi nan take, mai shiru kuwa har cikin rahoto yake shiga. Saboda irin wannan ne R ta tanadi umarnin read.csv2.

Sunayen garuruwa ma tarko ne wajen haɗa jeri biyu. Wani ma'aikaci zai rubuta Djirataoua, wani Djiratawa, na'ura kuwa ta ƙirga su garuruwa biyu. Haka nan akwai Tibirin Gobir kusa da Maraɗi, akwai wata Tibiri a jihar Doso, waɗanda haɗi da suna kaɗai zai cakuɗa su. Haruffa masu lanƙwasa irin su ɗ da ƙ sukan rikiɗe su zama alamomi marasa ma'ana idan ba a ajiye fayil da tsarin UTF-8 ba, wato tsarin da ke ba kowane harafi na harsunan duniya lambarsa. Maganin ba ya cin kuɗi: a haɗa jeri da lambar gari, a kuma ƙirga layuka kafin haɗi da bayansa. Ko manyan ƙasashe sun faɗa ramin ɓacewar layuka, domin a watan Oktoba na 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta tsallake sakamakon masu korona 15,841 saboda tsohon tsarin Excel da ba ya wuce layi 65,536.

Jinkirin aiki kuwa yana da tushe biyu da ake yawan rikita su. R tana loda bayanai gaba ɗaya cikin RAM, wato ƙwaƙwalwar da na'ura ke aiki da ita a lokacin da take kunne, idan ta cika sai na'urar ta koma aro daga faifai, wanda ya fi ta nauyin jiki nesa ba kusa ba. Wanda ya duba ma'aunin na'urarsa ya ga ƙwaƙwalwa ta cika, zai fi amfana da ɗauko ginshiƙan da yake buƙata kaɗai; wanda ya ga faifai ne ke aiki ɗari bisa ɗari ƙwaƙwalwa kuwa da sauran wuri, shi ne ke da dalilin sauya tsohon faifai mai juyawa da SSD, wanda ba shi da wani sashe mai motsi. Ban da jinkiri, ɗaukewar wuta, wadda ta tsananta bayan Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agusta na 2023, tana iya katse fayil yana tsakiyar rubutuwa, shi ya sa ake ware kwafin bayanan asali a wani faifai daban, kowane gyara kuma a rubuta shi cikin umarnin manhaja, ta yadda za a iya maimaita aikin daga farko.