Idan Ɗan Sanda Ya Zalunce Ki, Ina Za Ki Kai Kuka?

 Gaisuwa ta musamman ga matan Kura da Bunkure da Kadawa, inda ruwan Tiga ke ciyar da gidaje rani da damina.

To, a ce maigida ya ci bashin taki, ya noma tumatir, ya kai Kwanar Gafan, kasuwa ta faɗi. Mai bashi ya ɗauko 'yan sanda, ba su sami maigida ba, suka yi awon gaba da ɗanki. Ke kuwa kina cikin gida, ba fita kike yi ba. Sai aka aiko miki cewa a kawo kuɗin beli. Ƙarshenta ki sayar da akuyarki ko shinkafar da kika turara.

'Yar uwa, an taka doka sau uku a nan. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani. Ta kuma hana kama mutum saboda bashi kawai, wannan maganar kotu ce. Na uku, beli kyauta ne, kuma mace na iya tsaya wa mutum. Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu.

To wa zai bi miki kadi? Rundunar tana da sashen karɓar koke da ta buɗe a 2015, ana iya kira ta waya. Amma kin san ba a raba hanta da jini, shi ya sa aka kafa hukumomi a wajen rundunar.

Ta farko ita ce Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, wadda dokarta ta fito a 2001. Tana da ikon rage wa ɗan sanda girma ko ta kore shi, ban da Sufeto Janar. Ta biyu, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da aka kafa a 1995, tana da ofishi a Kano. Ita ke bincike kan duka da azabtarwa da tsarewa ba bisa ƙa'ida ba, kuma ba a biyan ko sisi.

Kulle bai hana ki ba. Ki sa ɗan uwanki ko 'yarki mai boko ta rubuta miki takarda: rana, lokaci, ofishin da aka kai shi, sunan jami'in ko lambarsa, nawa aka karɓa, wa ya gani. In an ji masa ciwo, a kai shi asibiti, a adana takardar likita. A riƙe kwafi ɗaya a gida.

Sai dai fa a ji tsoron Allah, kada a ƙara gishiri. 'Yan sandan nan 'ya'yanmu ne, da yawansu mutanen kirki. Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu daina miƙa cin hanci tun ba a tambaya ba.

Binciken yakan ɗauki lokaci, sai an yi ta bibiya. Amma shirunki shi ke sa gobe a kama ɗan maƙwabciyarki.

Allah Ya tsare mana zuri'a. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.