Turaren da ya dace da bazara

A jihar Tawa, daga Madawa zuwa Buza da Kaita, zafin Afirilu da Mayu yakan wuce digiri 40. A wannan lokaci turare mai alkol saurin tashi gare shi: kafin azahar ya gushe, kuɗi sun tafi banza. Turaren mai, kamar Bint el Sudan wanda aka fara haɗawa a 1920, ya fi daɗewa ga jiki. Ɗigo guda ya isa, domin zafi yana ƙara ƙarfin ƙamshi. Tufafi kuwa a turara su da kajiji.

Jama'a, a guji kwalbar da ta wuni cikin rana a kasuwa, gama rana tana lalata turare. Kada kuma a shafa shi bisa ƙurajen zafi. Wanka da sabulu shi ne turaren farko.