Daga Garaya zuwa Jita: Aikin Mai Riƙe Kiɗa a Sassan Waƙa

A ƙasar Gaya da Ajingi da ke gabashin Jihar Kano, har da gundumar Balan da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kiɗa yana bin lokutan shekara ne kamar yadda yake a sauran karkarar ƙasar Hausa, domin sai an kawar da gero da dawa daga gona ake samun sukunin bukukuwan aure da kokawa da dambe, sa'an nan da rani mafarauta su shiga daji. Kowanne daga cikin waɗannan yana da abin kiɗansa, waɗansunsu kuma masu tsirkiya ne, wato zaren da ake ɗaurewa tamau a kan ƙwarya ko sassaƙaƙƙen itace, a riƙa taɓa shi yana ba da amo. Jita baƙuwa ce a wannan yanki, galibi a waya ake ganin ta a hannun makaɗan Agadas da na Mali, amma aikin da aka fi ba ta a cikin waƙa, wato riƙe kiɗa a ƙarƙashin muryar mawaƙi, tsohon aiki ne da masu garaya da gurmi suka daɗe da laƙanta, kuma daga wurinsu ya fi dacewa mai koyon jita ya ɗauki darasinsa na farko.

Garaya tana da tsirkiya biyu a kan ƙoƙon itace da aka rufe da fata, ana kaɗa ta da ɗan guntun ƙirgi, kuma an fi sanin ta da mafarauta da 'yan bori. Gurmi na ƙwarya ne, da yatsu ake kaɗa shi, kuma da shi Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna. Kuntigi tsirkiyarsa ɗaya tak, a kan gwangwanin kifi, amma da shi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi shekaru yana waƙa ba tare da 'yan amshi ba. Jita kuwa tsirkiyarta shida, kuma an gindaya wa wuyanta siraran ƙarafa da ke raba sauti daki-daki, abin da babu shi a garaya da gurmi, inda yatsa ke neman sauti da taimakon kunne kaɗai. Siffar da aka san ta da ita a yau ta zauna ne a Sifen a tsakiyar ƙarni na 19, a hannun masassaƙi Antonio de Torres, kuma irin wadda ba ta bukatar lantarki ita ce ta dace da garin da wuta ba ta zama.

Kafin a yi maganar yadda ake raba kiɗa, wajibi ne a san yadda waƙar kanta take a rabe. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano, a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, ya fayyace sassan da makaɗan Hausa suke gina waƙa a kansu. Akwai buɗewa, inda mawaƙi kan fara da addu'a ko kirari, akwai gindin waƙa, wato layin da ake komawa gare shi a kai a kai, akwai ɗiya (tilonsu ɗa), wato baitocin da jagora ke ƙullawa yana warwarewa tsakanin gindi da gindi, sai kuma rufewa. Masu nazarin waƙar Turai suna da nasu rabon na baiti da amshi da wani ɗan sashe da ke sauya launin waƙa kafin ƙarshe, amma tsawon baitinsu ƙayyadadde ne tun kafin a fara, alhali ɗan waƙar Hausa yakan miƙe ko ya taƙaita gwargwadon abin da jagora ya gani a fili, ko shigowar wani babban baƙo, ko hannun da ya miƙa kyauta. Saboda haka makaɗin da ya haddace adadin bugu kawai, bai saba sauraren bakin jagora ba, zai koma gindi tun mawaƙi bai gama maganarsa ba.

Yawancin masu koyo sukan ba hannun hagu dukan hankalinsu, domin shi ne ke danna tsirkiya yana sauya sauti, kuma shi ne ke ciwo a makonnin farko kafin kan yatsu ya yi kanta. Sai dai riƙon kiɗa a hannun dama yake. Ƙa'idarsa ita ce kada ya daina sauka da hawa ko da a inda ba ya taɓa tsirkiya, motsin kuma ya fito daga wuyan hannu ba daga kafaɗa ba, ta yadda awon kiɗan zai zauna a jiki ko da murya ta yi gaba ko ta ɗan ja baya. Kiɗan Hausa da yawa yana tafiya ne a kan zagaye mai bugu shida ko goma sha biyu, wanda kunne zai iya ji a matsayin biyu-biyu ko uku-uku a lokaci guda, kuma wannan saɓanin ne ke motsa ƙafar mai rawa. Mai garaya yana samun wannan da taimakon masu girgiza gora da ke gefensa, mai jita kuwa da babu kowa tare da shi yakan raba aikin tsakanin babban yatsa, wanda ke bugun tsirkiyoyi masu kauri biyu-biyu, da manuni, wanda ke taɓa sirara uku-uku.

A nan ne rabon kiɗa bisa sassa yake shigowa, kuma a nan ake gane wanda ya ƙware. A buɗewa, tun murya ba ta shigo ba, jita ce ke da fili, saboda haka wurin take ne, wato ɗan gajeren kiɗan da ake shaida waƙa ko mutum da shi, kuma ya kamata a fitar da shi tsirkiya ɗaya-ɗaya domin ya zauna a kunne. Da zarar jagora ya shiga ɗan waƙa, sai makaɗi ya rage hannu: ya kwantar da gefen tafin damansa a kan tsirkiyoyi daf da inda aka ɗaure su a cikin jita, amon ya dushe ya gajarta, ya kuma taƙaita a kan tsirkiyoyi biyu ko uku masu kauri, domin kalmomi su ne dukiyar wannan sashe, kuma jitar da ta buɗe murya duka takan cinye baƙaƙen mawaƙi. Idan an iso gindi, inda 'yan amshi ke karɓa da murya da yawa, sai ya ɗaga tafin, ya share tsirkiyoyi shida baki ɗaya, ya bar su su yi ta amsawa. Bambancin da mai sauraro ke ji tsakanin ɗa da gindi yakan fito ne daga wannan ragi da ƙari, ko da hannun hagu bai gusa daga inda yake ba.

Akwai kuma ɗan sararin da ke tsakanin ƙarshen layi da farkon na gaba, inda mawaƙi ke jan numfashi. Masu gurmi sun gwanance wajen cike shi da 'yar gajeriyar amsa ta sauti uku ko huɗu, sa'an nan su koma riƙo kafin murya ta dawo, kuma kuskuren da ya fi yawa ga sabon hannu shi ne ya zarce da wannan ado har ya hau kan maganar jagora. A wajen kirari kuwa, inda magana ke gudu ba bisa awo ba, abin da ya fi kyau shi ne a tsaya a kan sauti ɗaya, ko ma a ɗauke kiɗan ɗungurungum na ɗan lokaci, domin dawowarsa ta zo da ƙarfi.

Wata matsala ta daban tana tasowa daga littattafan koyon jita na Turai, waɗanda ke koyar da haɗa sauti uku a danna su tare, a riƙa sauya haɗin daga layi zuwa layi. Waƙar Hausa galibi a kan tsani mai sauti biyar take hawa da sauka, kuma karin harshe yana da hannu a tafiyarta, tunda Hausa harshe ne da ɗaga murya ko sauke ta ke sauya ma'anar kalma. Idan aka ɗora mata haɗe-haɗen da ba nata ba, sukan ja mawaƙi zuwa sautin da zai karkatar da lafazinsa. Mafita ita ce a riƙe sautin tushe da na biyar ɗinsa kawai, a bar tsirkiya ɗaya mai kauri a sake tana gunji a ƙasa, wanda kusan shi ne abin da tsirkiyoyin garaya biyu suke yi.

Makaɗan Nijar sun riga sun bi wannan hanya. Bombino na Agadas da Mdou Moctar sukan daɗe a kan sauti ɗaya suna jujjuya shi, kuma Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, cikin salon situdiyon waƙoƙin finafinan Hausa, daga nan waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya a faɗin Sahel. A ƙungiyarsa, Ahmoudou Madassane ne ya daɗe yana riƙe jita ta biyu, kuma wanda ya saurara da kyau zai ji cewa gudun da jagora ke yi a sama ya dogara ne kan riƙon da ba ya kaucewa a ƙasa. Malam Maman Barka, wanda ya rasu a 2018, da gurmi ya fara yin suna a Nijar, ƙungiyar Mamar Kassey kuma ta zaunar da molo da jita da ƙwarya a dandali ɗaya.

Inda jita biyu suka haɗu, ba a so su yi abu ɗaya, sai ɗaya ta zauna a ƙasa tana riƙo, ɗayar a ɗaura mata ɗan matsi a wuya wanda ke ɗaga sautinta, ta riƙa amsawa daga sama. Idan akwai kalangu ko ƙwarya a wurin, mai jita yakan bar musu bugun da suka fi shi iyawa, ya rage nasa. Iskar hunturu ta gabashin Kano kuma tana busar da itace har ya tsage, tana sassauta ɗaurin tsirkiya, don haka ake ajiye jita a cikin jakarta nesa da rana, a kuma sake daidaita ta da muryar mawaƙi kafin kowace waƙa.